Awon toshewar hanci da sauti: yadda muke yinsa da iyakar abin da za a yarda da shi

Na'urar da muke auna faɗin cikin hanci da ita ba ta da wani kwarjini. Bututu ne miƙaƙƙe, tsawonsa rabin mita ko fiye, ya danganta da samfurin. A gindinsa akwai abin da ke fitar da ƙara, a jikinsa an dasa ɗan ƙaramin makirfo, a bakinsa kuma ana ɗaura wata 'yar roba da ake jinginawa a ƙofar hanci. Waya ce ta haɗa shi da kwamfuta. A takardar likita za ka ga an rubuta akustik rainometiri. Babu allura, babu abin da ake zurawa, shi ya sa yara da tsofaffi ba sa gardama da ita.

Idan aka danna maɓalli sai a ji ɗan ƙas-ƙas-ƙas. Sautin na bin bututun ya shige hanci, kuma duk inda hanyar ta tsuke ko ta buɗe, wani ɓangarensa ya dawo da baya, sauran ya wuce gaba. Makirfon na kama wanda ya tafi da wanda ya dawo. Daga jinkirin dawowar amsa-kuwwar kwamfuta ke gane nisan wurin, daga ƙarfinta kuma take lissafa yadda faɗin hanyar ya sauya. Wanda ya taɓa leƙa rijiya ya yi magana ya san amsar mai zurfi daban take da ta gajeruwa. To, aikin ke nan, sai dai wannan rijiyar 'yan santimita ce, kuma sauti na shiga santimita biyar ya dawo cikin abin da bai kai sulusin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Ole Hilberg da abokan aikinsa a birnin Aarhus na Danmak ne suka fito da wannan awo a hanci a 1989, bayan an riga an gwada dabarar a hanyoyin iska na huhu tun 1977. Lissafin da kwamfutar ke amfani da shi ya ma girmi wannan: wasu masana biyu, Ware da Aki, ne suka buga shi a 1969, Aki kuwa masanin girgizar ƙasa ne, ba ruwansa da hanci.

Wannan lissafin na da sharuɗɗa, kuma duk matsalar awon daga nan take tasowa. Yana ɗauka cewa bangon hanyar mai tauri ne, sauti ba ya zurarewa ta ko'ina, ba ya raunana a hanya, kuma hanyar ba ta da rassa. Hancin ɗan Adam ya cika waɗannan sharuɗɗan a gabansa, daidai gwargwado. Can ciki kuwa sai ya fara saɓa musu ɗaya bayan ɗaya.

Aikin yakan fara ne tun kafin ranar awo. Mukan gaya wa mutum ya ajiye maganin feshin buɗe hanci aƙalla kwana ɗaya, sauran magungunan alaji kuma likitan da ya turo shi ne zai ce a tsayar ko a ci gaba, gwargwadon abin da yake son ganowa. Mai sabuwar mura ba a auna shi, sai ta sake shi, domin hancin mura za a auna, ba hancinsa na kullum ba. Ranar awo ban da sigari, ban da garin tabar da ake shaƙa, ban da shafa man zafi a ƙofar hanci. A wannan maganar ta feshi ne aka fi samun ɓoye-ɓoye. Da yawa cikin mutanenmu na nan Legas da ke aiki cikin hayaƙi da ƙura, masu tsire, masu babbaka a mayankar Oko-Oba, masu sauke barkono a kasuwar Mile 12, 'yan acaɓa, kwalbar feshin na aljihunsu wata da watanni. Irin wannan magani ba a son a wuce kwana biyar zuwa bakwai ana amfani da shi. Idan aka zarce, da zarar ƙarfinsa ya sake sai naman hanci ya kumbura fiye da da, a sake fesawa, a haka har ya zama maganin ne ke kawo toshewar. Wanda ya fesa a cikin mota kafin ya iso zai ba mu zane mai kyau na hancin da ba shi da lafiya. Saboda haka ba ma tambayar "kuna amfani da feshi?" Cewa muke, "Alhaji, yaushe rabonku da fesawa?"

Da ya iso ba a kai shi kan na'ura. Zama zai yi a cikin ɗakin awon, a miƙe kan kujera, minti ashirin zuwa talatin. Ba jan rai ba ne. A bangon hanci ta gefe akwai wasu tudun nama da likitoci ke kira tabinet, uku a kowane ɓangare, na ƙasan ya fi girma. Ƙashi ne siriri a ciki, an lulluɓe shi da nama mai cike da hanyoyin jini, kuma cikin 'yan mintuna yake kumbura ya saɓe. Motsa jiki na tsuke shi. Iska mai sanyi na iya kumbura shi. Mutumin da ya taso daga Agege, ya sha cunkoso cikin danfo, wato bas ɗin haya, ya hau gadar masu tafiya a ƙasa da sauri, ya hau bene, sannan ya faɗo ɗaki mai na'urar sanyi, hancinsa bai tsaya wuri ɗaya ba tukuna. Idan aka auna shi a lokacin aka sake aunawa bayan rabin sa'a, lambobin ba za su zo ɗaya ba, kuma ba laifin na'ura ba ne.

Yayin da yake zaune mu kuma muna gyara na'urar. Ana kunna ta ta ɗan jima, sannan a daidaita ta da wani bututun gwaji da kamfani ke haɗowa da ita, wanda an san faɗinsa. Wasu samfurin na zuwa da hancin roba na gwaji mai sanannen zane. Idan layin da ya fito bai hau kan wanda aka sani ba, ba a taɓa mara lafiya sai an gano dalili. A Legas dalilin bai cika wuce uku ba. Na farko zafi: sauti na gudun kimanin mita 343 a daƙiƙa idan ma'aunin zafi na kan digiri 20, kuma kowane digiri ɗaya na ƙara masa wajen 0.6, wato a digiri 30 ya kai 349. Tunda kwamfuta da lokaci take lissafa nisa, na'urar da aka daidaita da safe ɗaki na da sanyi, sannan aka ɗauke wuta ɗakin ya ɗumame, za ta gusar da wuraren da ke kan zanen. Duk lokacin da yanayin ɗaki ya sauya sai a sake daidaitawa. Na biyu danshi: iskar garin nan a jiƙe take, bututu mai sanyi kuma na tara raɓa a ciki, haka robar da aka wanke ba ta gama bushewa ba. Na uku ƙara. Ƙa'idar da masana suka yi ittifaƙi a kai ita ce hayaniyar ɗaki kada ta wuce desibel 60, wato kamar hirar mutum biyu. Janareto a bayan taga ya wuce haka nesa ba kusa ba, balle hon ɗin titi. Mukan rufe taga, a kashe fanka, kwamfuta ta koma kan batirinta, masu rakiya kuma su jira a waje.

Kafin a ɗora roba sai an leƙa hancin da fitila. Majina da tasono duk sauti na ɗaukarsu a matsayin bango, don haka mukan ce ya fyace a hankali, kafa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fito daga alwala yanzun nan, ya shaƙa ruwa ya fyace, a bar shi ya ɗan jima. Abin da aka fi nema a wannan leƙen shi ne huda a katangar tsakiya, wadda ta raba hanci gida biyu. Idan akwai huda, sauti zai tsallaka ɗaya ɓangaren, na'ura ta haɗa faɗin biyun ta ba ka lambar da ba ta kowa ba. Irin wannan hanci ba a auna shi da sauti.

Sai zaɓen roba, kuma a nan ne hannun mai awo ke nuna kansa. Robobin na zuwa girma-girma, da na dama da na hagu, bakinsu a karkace don ya zauna a kan ƙofar hanci. Sai dai da hancin Turawa aka zana yawancinsu, mai tsukakkiyar kafa doguwa. Kafar hancin mutanenmu ta fi faɗi, ta fi kwanciya a gicciye, to sau da yawa sai ka ga robar ta zauna ta sama amma akwai ɗan gibi ta gefe. Gibin da bai kai a gan shi ba ya isa ya ɓata awo, domin sautin da ya zurare ta nan kwamfuta na lissafa shi a matsayin fili, sai ta nuna hanci ya fi yadda yake buɗewa. Sabon hannu kuma idan ya ga haka sai ya danna robar da ƙarfi don ya toshe gibin, nan take fiffiken hanci ya lanƙwashe, mashigin ya canza siffa, a koma auna abin da hannunsa ya ƙirƙira. Maganin abin shi ne a ɗauki robar da ta ɗan fi kafar girma, a zagaye leɓenta da jel mai kauri, a jingina ta kawai. Jel ɗin a leɓe zai tsaya, kada ya shiga ramin robar. Mai kaurin gashin baki sai an kwantar da gashin da jel, in ba haka ba ta nan iska ke bi.

Mutum na zaune a miƙe, kai bai sunkuya ba bai ɗaga ba. Mukan manna wata alama a bango daidai idonsa mu ce ya zuba mata ido. Bututun na zuwa daga ƙasa, a karkace kimanin digiri 45, kuma yadda aka riƙe shi a awon farko haka za a riƙe shi a sauran. Bayanin da muke yi gajere ne: "Baba, ku ɗan buɗe baki. Ku ja numfashi kaɗan ku saki rabi. To, ku riƙe. Kada ku haɗiye yawu, kada ku yi magana." Daƙiƙa uku zuwa biyar, an gama. Dalilin riƙe numfashi shi ne iska mai wucewa na da tata ƙarar, kuma tana motsa bangon hanci. Haɗiyar yawu da magana kuwa na ɗaga gandar baya, su canza filin da ke bayan hanci. Tsofaffi da yawa idan aka ce su riƙe numfashi sai su cika ƙirji su ƙanƙame jiki, har jijiyar wuya ta fito. Wannan yunƙurin ma na tara jini a naman hanci, shi ya sa ake cewa a saki rabi.

Awo ɗaya ba awo ba ne. Kowace kafa sau uku aƙalla, kuma tsakanin kowane awo sai an janye robar gaba ɗaya an sake ɗorawa. Idan ba a janye ba, layukan uku za su hau kan juna tsaf ko da akwai gibi, tunda kuskure ɗaya aka maimaita. Idan an janye an mayar, layukan suka bi juna a santimita biyar na farko, bambancinsu bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba, to an samu abin rubutawa. Layin da ya tashi sama shi kaɗai tun daga farko, zurarewa ce, a jefar da shi.

Zanen da ke fitowa layi ne mai hawa da sauka. A kwance nisa ne daga ƙofar hanci da santimita, a tsaye kuma faɗin hanyar da murabba'in santimita. Akan ga kwari biyu ko uku. Na farko, wajen santimita 2, shi ne mashigin ciki, inda hanci ya fi ko'ina matsewa ga yawancin masu lafiya. Na biyu, tsakanin santimita 3 da 4, kan tabinet na ƙasa ne. Na uku can wajen santimita 6, ba ma ba shi muhimmanci sosai. Lambar da likita ke fara nema ita ce faɗin wuri mafi ƙunci da nisansa, sai kuma yawan filin da ke tsakanin santimita 2 da 5, inda kumburin nama ya fi bayyana.

Lambar "lafiya" ta faɗin wuri mafi ƙunci da ke cikin littattafai, wajen murabba'in santimita 0.7, daga Turawa aka samo ta. Wani bincike da aka yi a Landan aka buga a 1995 ya auna mutane daga jinsi uku, ya samu matsakaicin Turawa kusan 0.7, na baƙar fata kuma ya doshi 0.9. Ke nan Bahaushen da ya nuna 0.6 ana iya cewa lafiyarsa ƙalau idan da ma'aunin littafi aka duba, alhali a nasa hancin ya yi asarar fili mai yawa. Shi ya sa ni ban cika yarda da kwatanta mutum da jadawali ba. Gara a kwatanta shi da kansa: damansa da hagunsa, kafin feshi da bayan feshi.

Kwatanta dama da hagu ma na da tarko. Tun 1895 wani likita Bajamushe, Richard Kayser, ya bayyana cewa kafofin hanci karɓa-karɓa suke yi: ɗaya ta kumbura ɗaya ta buɗe, bayan 'yan sa'o'i su yi musanya. Yawancin manya haka suke, ba su ma sani ba. Mai lafiya sarai zai iya nuna 0.45 a dama da 0.9 a hagu da hantsi, da la'asar abin ya juye. Duk wanda ya ɗauki zanen farko kaɗai ya ce ga ɓangaren da ke da ciwo, ya yi gaggawa.

Abin da ke warware wannan shi ne zagaye na biyu, kuma a ganina shi ne dalilin sayen na'urar tun asali. Bayan an gama awon farko sai a fesa maganin tsuke nama, zailometazolin mai ƙarfin kashi 0.1 cikin ɗari ko oksimetazolin mai 0.05, fesawa biyu a kowace kafa, bayan minti biyar a ƙara ɗaya, a jira a cika minti goma sha biyar, sannan a maimaita komai da roba ɗaya, zama ɗaya, karkata ɗaya. Kafin a fesa sai an tambayi hawan jini, ciwon zuciya, hawan ruwan ido da juna biyu. Cikin azumi kuma, tunda feshin kan gangara maƙogwaro, mutane da dama ba sa so, sai a ɗaga musu zuwa bayan salla idan abin ba na gaggawa ba ne. Feshin na kawar da kumburi da karɓa-karɓar nan gaba ɗaya, abin da ya rage shi ne ƙashi da guringuntsi.

Ga misalin irin lambobin da ake gani. A ce mai sayar da tattasai ne, kukansa hagu. Kafin feshi dama 0.62, hagu 0.31. Bayan feshi dama ta koma 0.95, hagu ta tsaya a 0.38, kwarin kuma na nan inda yake wajen santimita 2. Nama ya saɓe amma hanya ba ta buɗe ba, ke nan akwai abu mai tauri a wurin, galibi katangar tsakiya ce ta karkace ta gaba. Wannan ko shekara zai yi yana shan magani ba za ta miƙe ba, maganar tiyata ta taso. A ce kuma wani ne, kafin feshi 0.35 da 0.40, bayan feshi 0.85 da 0.90, kwarin da ya fi zurfi kuma shi ne na biyu, da aka fesa ya kusa ɓacewa. Wannan kumburi ne, alaji ko hayaƙi ko yawan feshi, kuma wuƙa ba ta da aiki a nan tukuna. Abin da yake buƙata wankin hanci da ruwan gishiri, feshin sitiroyid na makonni, da rage abin da ke tayar masa. Rabe waɗannan mutum biyu shi ne abin da awon sauti ya fi iyawa.

Idan aka wuce santimita biyar zuwa shida sai a fara ja da baya da yarda. Binciken da aka yi ana kwatanta zanen da hoton siti-sikan da na em-ar-ai ya nuna suna tafiya tare a gaban hanci, can baya kuma su rabu. Dalili na farko kogunan da ke cikin ƙasusuwan fuska, wato sainos, ƙofofinsu na buɗewa cikin hanci a wannan yankin, sauti ya shige ciki, na'ura ta ƙara faɗin da babu shi. Abin ya fi muni bayan feshi ko bayan tiyatar sainos, lokacin da ƙofofin suka buɗe. Can ƙarshe kuma kafofin biyu na haɗewa, sauti ya zagaya ɗaya ɓangaren. Dalili na biyu ya fi wannan cizo: idan mashigin gaba ya matse ƙwarai, a ce ƙasa da 0.4, sautin da ke samun wucewa kaɗan ne, wanda zai dawo ta wannan matsatsin ya fi shi kaɗan, don haka duk abin da zanen ya nuna a bayan wurin zato ne. Wato hancin da ya fi toshewa, wanda aka fi son sanin cikinsa, shi ne na'urar ta fi kasa gani. Tsiro a can baya, kumburin naman bayan hanci na yara, ko ƙari, ba aikinta ba ne. Nan sai kyamarar leƙa hanci, gani ya kori ji. Toshewar ɓangare ɗaya da ke ƙaruwa, tare da haɓo, ko toshewar kunne ɗaya, ko kumburi a wuya, ba a tsayawa awon sauti a kanta, kyamara da hoto ake nufa kai tsaye. Haka yaron da kafa ɗaya ke zubar da majina mai wari: a nemi abin da ya cusa.

Akwai kuma abin da na'urar ba za ta taɓa gani ba saboda yadda ake awon. Ana yinsa ne numfashi a riƙe, mutum a zaune. Wanda bangon hancinsa ke da rauni, yana jan iska da ƙarfi fiffiken ya manne da katanga, zanensa zai fito lafiya lau. Wannan da ido ake kama shi: a ce ya ja numfashi a kalli gefen hancin, sannan a ɗan ja kumatunsa waje da yatsa a tambaye shi ko ya ji sauƙi. Wanda kuma kukansa na dare ne, yana kwanciya hanci ya rufe, ɓangaren da ya kwanta a kai ya fi toshewa, awon zaune da rana ba zai nuna rabin abin da yake fama da shi ba. Sannan faɗi kawai take faɗa, ba ta faɗin siffa. Rami zagayayye da siririyar tsaga na iya zama faɗi ɗaya a lissafi, amma iska ta fi shan wahala a tsagar.

Tambayar da marasa lafiya suka fi yi ita ce, me ya sa takarda ta ce hanci a buɗe yake alhali su suna jin a toshe? Jin wucewar iska ba daga faɗi kaɗai yake zuwa ba. Akwai jijiyoyi a fatar cikin hanci da ke jin sanyin iska idan ta wuce, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa hanya a buɗe take. Ronald Eccles, masani a jami'ar Kadif ta Birtaniya, ya daɗe da nuna cewa mental, sinadarin da ke cikin man zafi da alewar mura, na sa mutum ya ji hancinsa ya buɗe ba tare da hanyar ta ƙaru ko kaɗan ba. Akasin haka ma na faruwa. Wanda fatar cikin hancinsa ta bushe ta mutu, ko aka yanke masa tabinet fiye da kima, zanensa fili ne fetal, shi kuwa yana cewa iska ba ta shiga. Ba ƙarya yake yi ba, na'urar ma ba ƙarya take yi ba. Nazarin da aka yi a 2009, wanda ya tattara binciken da suka gabata kan wannan batu, ya samu cewa dangantakar lambobin awo da abin da mutum ke ji ba ta da tabbas, sai dai takan fi ƙarfi idan kafa ɗaya-ɗaya aka tambaya. Saboda haka ba ma cewa "yaya hancin?" Mukan sa ya toshe dama da yatsa a hankali ya ba hagu maki daga sifili zuwa goma, sannan a juya, kafin feshi da bayansa. Akwai kuma takardar tambayoyi biyar mai suna NOSE da aka fitar a 2004, kowace tambaya maki sifili zuwa huɗu, a tara a ninka sau biyar ya ba da sifili zuwa ɗari. Da baki muke karanta wa mutum ita da Hausa, domin ba kowa ke jin daɗin cike takarda ba.

Asibitin da ba shi da wannan na'ura, kuma su ne mafi yawa, bai rasa komai gaba ɗaya ba. Akwai ɗan ma'aunin roba mai abin rufe fuska da ke auna iyakar iskar da mutum zai iya ja ta hanci, da lita a minti. Ba ya buƙatar wuta, ba ruwansa da janareto, kuma yana kama hancin da ke mannewa wajen jan numfashi. Rauninsa shi ne ya dogara da ƙoƙarin mutum da ƙarfin huhunsa, kuma ba ya faɗin inda matsalar take. Akwai rainomanometiri, mai auna matsin iska da gudunta yayin numfashi. Shi yana faɗin wahalar da iska ke sha, awon sauti na faɗin wurin da aka matse. Idan su biyun da kyamara da bakin mara lafiya suka nuna ɓangare ɗaya, likita na shiga tiyata da natsuwa. Idan zanen sauti ne kaɗai ke cewa a yanka, ni dai ba zan ba ɗan'uwana shawarar ya kwanta ba.

A takardar sakamako mukan rubuta fiye da lambobi: lokacin awo, zafin ɗaki, girman robar da aka yi amfani da ita, ko an sa jel, sunan feshi da mintunan da aka jira, rabonsa da maganin gida, da duk wata wahala da aka samu wajen toshe gibi. Amfaninsu na fitowa ne idan ya dawo bayan tiyata ko bayan watannin magani. Awon bayan tiyata ba a yinsa da wuri, sai an ba nama wata uku ko fiye ya gama saɓewa, tasono ya daina taruwa. Ranar kuma da robar da aka yi na farko za a yi, a kusan lokaci ɗaya na yini, in da hali da hannun wanda ya yi na farko, kuma lambobin bayan feshi ake jerawa da na bayan feshi. Idan bambancin da aka samu bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba, "babu canji" ake rubutawa, domin ɗaga roba a mayar kaɗai na iya kawo wannan.